Ranar da Kayan Bukka Suka Dawo

Ustaz Nuhu ya cuci uwarku, ni kuma ya cuce ni a kanta. Na fara da wannan ne don kada wani cikinku ya yi ta karatu yana neman inda na dosa. Mutumin da kuke kira Baba Ustaz, kuna durƙusa masa, kuna cewa shi ya tsaya mana ranar rasuwar Ummanku, shi ne ya hana ta abu ɗaya tak da ta taɓa roƙona tun da na aure ta: ta kwana ɗaya a waje, a kan rairayi, ta buɗe ido da asuba ta ga sama ba siminti ba. Bai doke ta ba, bai zage ta ba. Da aro ya yi aikinsa, da murmushi, da "in sha Allahu bayan Sallah". Kun yi ƙanana a lokacin. Abin da idonku ya riƙe shi ne motarsa maƙare da kaya ranar makoki. Yau zan gaya muku kayan wa ne.

Ni ba malami ba ne, kun sani. Na zo Alƙahira karatu kamar kowa, nahawu ya kayar da ni, na tashi, ya sake kayar da ni, tallafin da ake ba ni ya tsaya, kunya ta hana ni komawa gida. Sai na koyi tuƙi. In kun ga rubutun nan babu ado, haka mai shi yake. Uwarku Rakiya kuwa Bahaushiyar Sudan ce. A wani ƙauye na bakin kogi ta tashi, inda mutane ke fito da gadajen igiya tsakar gida su kwana a fili. Mahaifinta ya zo da ita Masar yana neman maganin ciwonsa, maganin bai yi ba, kafin ya cika ya kama hannunta ya sa a hannun Ustaz Nuhu, wanda a lokacin shi ne babba cikin ɗalibanmu, mai jan sallah, mai ɗaura aure, mai raba faɗa. Shi ya ba ni aurenta. Daga ranar ya zama ubanta, ya zama surukina. Ku riƙe wannan, don duk abin da ya biyo baya a kansa ya hau. Ba a kallon suruki a ce masa a'a, ita kuma ko a mafarki ba za ta tsallake maganarsa ba.

Na yi shekaru ina tuƙa wani Bature injiniya da iyalinsa a Ma'adi. Suna da wani abu da Masarawa ke kira karafan. Akwati ne mai taya biyu, tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba, ana jan sa a bayan mota. In an isa inda za a sauka sai ka sa wani ƙarfe ka yi ta juyawa kamar mai tada injin niƙa, rufin ya yi ta tashi, ka jawo gado ta gaba, ka jawo wani ta baya, tamfol ya miƙe ya zama bango, ga tagogi na raga. Kafin ruwan shayi ya tafasa ka yi ɗaki a tsakiyar dawa. Ni nake kai su sahara da bakin teku, ni nake buɗewa, ni nake naɗewa, ni nake kwana a cikin mota ina jin dariyarsu. Da gari ya rikice a farkon 2011 suka tattara za su gudu. Motar suka sayar, kayan ciki suka raba wa kuku da mai lambu, akwatin kuma ba wanda ya so shi. Matar ta miƙo min ƙarfen juyawar ta ce nawa ne. Aiki ya tafi, aka bar ni da ɗaki mai taya.

Wani mai akori-kura ya ja min shi zuwa unguwarmu Hayyin Ashir, mai gadin gininmu ya yarda in ajiye a lungun da ke gefe. Uwarku ta sauko daga hawa na biyar da mayafinta, ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa.

"Malam, kejin kaji suka sallame ka da shi?"

Malam take kirana, kuma ta san sarai inda karatuna ya tsaya. Na ce mata ta ja da baya. Na sa ƙarfe na fara juyawa. Da rufin ya tashi ta saki baki, da na jawo gadajen ta kama haɓa. Ta cire takalmi ta shiga, ta zauna a kan katakon da babu ko katifa, ta ɗaga kai tana kallon ragar taga.

"Wannan ai bukka ce," in ji ta. "Bukkar masu kuɗi. Su Nasara sai sun gaji da bene suke sayen abin da muka gudo muka bari?"

"Haka suke."

"To ni ma na gaji da benen. Malam, rabona da in kwanta in ga taurari tun ina budurwa. Tagar ɗakinmu bangon maƙwabta take kallo, har na san inda fentinsu ya ɓare. Ka kai ni. Kwana ɗaya kawai. In tuƙa tuwo a ƙasa, yaran nan su taka rairayi da ƙafa, in kwanta ba wanda ke jan kujera a saman kaina."

Na ce zan kai ta. Ban taɓa faɗin magana da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Tun daga ranar sunan abin ya zama bukka a gidanmu.

Amma na san dawa, na san ba a shigarta da alkawari. Akwatin fanko ne. Wanda bai taɓa kwana a sahara ba yana zaton zafi ne abin tsoro, bai san sanyin da ke saukowa bayan faɗuwar rana yana shiga har ƙashi ba. Ruwa ne farko, na sha daban, na alwala da wanke-wanke daban, don haka na fara da jarkoki. Sai barguna masu nauyi, da katifu da na sa aka yanka daidai da gadajen. Sai tukunyar gas da kan murhunta, don a can babu itacen da za ka tsinta. Fitilun caji. Gidan sauro, saboda in bakin tabki muka sauka sauron wurin ba ya jin roƙo. Kula ta ajiye nama da ƙanƙara, buta, bokiti, tabarmi, igiya da turaku na ɗaure tamfol in iska ta taso, jak da tayar safaya. A lokacin lodi nake yi a wani shagon kayan gini, ina samun tuƙi jefi-jefi. Abu ɗaya nake kawowa in an samu sarari, wani lokaci wata ya wuce ban ƙara ko igiya ba. Duk abin da na kawo sai ta sauko ta ga inda na sa shi. Ita ma ta kawo nata. Ta haɗa tsofaffin zannuwanta ta ɗinka wani dogon labule da za a kewaye gefen bukka da shi, don ta yi wanka da girki ba wanda ya gan ta. Ta kuma ɗauko muciyar da ta zo da ita daga Sudan, wadda bakinta ya cinye don tsufa, ta tura ta ƙarƙashin gado.

"Nasaranka ba su san da wannan ba," ta ce. "Shi ya sa suke dawowa da yunwa."

Saura mota. A cikin mutanenmu duka, Ustaz Nuhu kaɗai ke da motar da za ta ja, wata tsohuwar Fijo doguwa, kuma shi ke da takardun zama masu kyau da za a nuna wa sojoji a shingayen hanya. Nawa sun daɗe da mutuwa. Na je gidansa a Hay el-Sabi' na durƙusa na faɗi buƙatata. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Haruna, kai da Rakiya za ku zama Larabawan ƙauye ke nan? Ma sha Allah. Tamam, babu damuwa. Ai 'yata ce. Gari ya ɗan lafa tukuna, ni da kaina zan ja ku."

Ni na kai Fijon wurin mai walda aka dasa mata ƙugiyar ja a baya. Da hannuna na ɗaure ta.

Aron farko a shekarar wahalar gas aka yi shi. Ku ba za ku tuna ba, mutane suna kwana layi da tukwane, ana dambe a kan guda. Ustaz ya zo da yamma, ya sha shayi, ya tambayi lafiyar yara, sannan ya gyara zama.

"Na ji an ce kana da anbuba ta gas a ajiye, cike, ba a amfani da ita."

"Ta bukka ce, Allah gafarta Malam."

"Na sani, na sani. Akwai wasu ɗalibai a ƙasan gidana, kwana biyu ba su ɗora tukunya ba. Masu haddar Alƙur'ani ne, Haruna. Ga gas a kulle a lungu, ga bayin Allah da yunwa. Mako ɗaya, a dawo maka da ita."

Me za ka ce? Na sauka na kwance na ba shi. Mako ya wuce, wata ya wuce. Da na tuna masa sai ya ce, "Ya akhi, ai tafiyar ba gobe ba ce." Na yi ta fama har na samo wata tukunyar, na sa a bukka ban gaya wa kowa ba. Ya zo ranar da ba na gida, ya tambayi uwarku kai tsaye. Ita kuwa ba ta iya yi wa Baba ƙarya. Na dawo na tarar da wurin tukunya fayau, ita tana zaune ta sunkuyar da kai kamar ita ta yi sata.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Abin da ban gane da wuri ba shi ne, duk abin da mutum ke bukata don ya kwana a dawa, shi ne abin da garin nan ya rasa a waɗancan shekarun. Alƙahira ce ta koma dawa. Da aka shiga ɗauke wuta, fitiluna suka tafi wurin masu karatun jarrabawa. Da layin mai ya yi tsawo, jarkokin da na saya don ruwan sha suka tafi aka zuba musu fetur, wanda ko an dawo da su sun gama amfani. Sababbin ɗalibai suka sauka daga gida cikin hunturu, katifu da barguna suka bi su. Kula ta tafi walimar wani da ya gama digiri. Jak ya shiga bayan Fijo bai sake fitowa ba. Ba na cewa yaran nan ba su da bukata, suna da ita. Amma Ustaz yana da barguna a gidansa, na gan su jibge a saman kabad. Yana da fitilu. Bai taɓa cire nasa ya bayar ba. Da kayana yake kyauta, shi ake yi wa addu'a. Kuma kullum da kalma ɗaya yake zuwa: al'umma. Mu baƙi ne a ƙasar mutane, abin ɗaya na kowa ne. Na lura dai abin kowa kullum daga lunguna yake fitowa.

Wanda ya fi ci min rai shi ne labulen. Ya fara karantar da matan aure a falonsa ranar Juma'a, yana neman abin da zai raba maza da mata. Uwarku da kanta ta ninke ta miƙa masa. Na shiga gidan wata rana na ga zanen da ta ɗaura ranar sunan babbanku rataye a tsakiyar falonsa, yana zaune a gabansa yana bayani a kan haƙƙin maƙwabci.

Ana cikin haka ƙafafunta suka fara kumbura. Da farko muka ce hawan bene ne. Sai fuska, sai amai, sai ta kasa gama shara ba ta zauna ba. Likita ya ce ƙoda ce, duka biyun, kuma ba da daɗewa ba za a fara yi mata wankin ƙoda, in an fara kuwa ta zama ta asibiti. Da muka fito ta tsaya a bakin titi tana haki, ta riƙe hannun rigata, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

"Malam, bukkata fa?"

Na koma wurin Ustaz. Ya ce ai akwai dokar hana fita, a bari a ɗage. Aka ɗage. Ya ce sanyi ya yi yawa ga mara lafiya. Sanyi ya wuce. Ya ce jarrabawar ɗalibai ta matso, ba za a ƙwace musu fitilu yanzu ba. Sai azumi. A cikin azumin 2014 na same shi bayan sallar la'asar, ban durƙusa ba, na ce masa likita ya sa lokacin fara wanki, in ba a yi tafiyar nan bayan Sallah ba, ba za a yi ta ba har abada. Ya dube ni ya ga ba wasa a fuskata.

"Khalas, shi ke nan," ya ce. "Kashegarin Sallah. Ka zo da safe mu loda kayan, mu wuce mu ɗauki Rakiya da yara."

Ban taɓa ganin uwarku kamar a kwanakin nan ba. Matar da ba ta iya tsayuwar kirki ta zauna a ƙasa ta daka yaji, ta tankaɗe garin tuwo, ta ƙulla kuka da daddawa a leda. Ta yi lalle. Ta yi ta gaya muku yadda ake gane alƙibla da taurari, kuna dariya kuna cewa Umma ta zama malama. Kashegarin Sallah tun da hantsi ta yi wanka ta sa kayanta, ta zauna a bakin gado da ƙullinta a cinya. Ni kuma na hau mota zuwa Hay el-Sabi'.

Na tarar da Fijo a bakin gida an lulluɓe ta da tamfol. Shi kuma yana falo da jallabiya, da baƙin Sallah kewaye da shi, ana cin nama. Babu ko jarka ɗaya da aka fito da ita. Ya ce in zauna in ci. Na ce ana jirana. Ya goge hannu, ya ja ni gefe, kusa da labulen.

"Haruna, na kwana ina istihara a kan maganar nan. Zuciyata ba ta kwanta ba."

"Allah gafarta Malam, ta shirya. Tana zaune da mayafinta."

"Ka saurare ni. Matar aure, mara lafiya, a kwantar da ita a fili cikin tamfol, ba gini ba ƙofa, inda 'yan yawon shaƙatawa ke tuɓe-tuɓensu? Ina sutura? Wannan al'adar Nasara ce, ka ɗauko ta a wurin aiki. Gobe a ce 'yar Ustaz Nuhu ce aka gani, kuma shi ya ja ta da motarsa. Da wane baki zan hau mumbari?"

"Sutura ga ta nan a bayanka," na ce. "Ita ta ɗinka."

Ya waiwaya ya kalli labulen kamar yau ya fara ganinsa. Sai ya yi murmushin nan nasa.

"Ma'alish, yi haƙuri. Kai ba ka yi nisa a karatu ba, akwai abubuwan da ba za ka hango ba. Bari in yi mata magana da kaina."

Kafin in ce wani abu ya ɗaga waya ya kira ta. Ina tsaye ina ji. Ya ce mata 'yata, ya ce mata Allah ya ba ki lafiya, ya ce mata a matsayinsa na uba bai ga dacewar tafiyar nan ba, mace ta gari ɗakinta ne rufin asirinta, ta yi haƙuri, lada na wurin Allah. Na ji muryarta 'yar ƙarama daga cikin wayar tana cewa, "To, Baba. To, Baba. Na gode, Baba."

Wannan kiran shi ne cutar. Kayan da ya kwashe da sauƙi, da zan iya bin gidajen ɗalibai ɗaya bayan ɗaya in ƙwato abina, kuma na yi niyya. Na ma sami wani Basa'ide, mutumin kudancin Masar, mai akori-kura da ya ce zai gwada ja mana ta hanyar da ba shingaye. Amma da na hau benen nan na shiga, na tarar ta cire mayafi ta ninke, ta kwance ƙullin ta mayar da garin tuwo cikin roba.

"Rakiya, tashi. Zan nemo wata motar. Ko babu katifa, mu shimfiɗa tabarma."

"Baba ya ce bai dace ba."

"Baban da ya ci kayanki?"

"Malam, kada ka sa ni in mutu da saɓon wanda mahaifina ya damƙa ni a hannunsa. Bar shi. Ai na gani a raina, ya isa." Ta yi 'yar dariya. "Dama kejin kaji ne. Je ka ɗauko min muciyata kada gara ta ci ta."

Na sauka na ɗauko. Ita kaɗai ta rage a cikin bukkar, ita da igiya.

Aka fara wankin ƙoda. Ba zan ba ku labarin watannin nan ba, kun ga wasu da idonku, sauran kuma ba na so ku gani. Ni nake goya ta in sauko da ita, ni nake goya ta in hau. Duk saukowa sai mun wuce bakin lungun, bukka na nan a naɗe, ƙura ta rufe ta, kyanwoyi sun haihu a ƙarƙashinta. Ba ta taɓa juya kai ta kalle ta ba, ko sau ɗaya. Ta sa na matsar da gadonta jikin taga. In ta kwanta ta karkata wuya sosai, akwai wani ɗan tsagi tsakanin gininmu da na maƙwabta inda ake hango sama kamar faɗin tafin hannu. Nan take kallo. Wata rana na ji tana cewa ta yafe wa kowa, har da Baba, in ma akwai abin yafewa. Na fita na bar ɗakin. Ta rasu cikin sanyin farkon 2015, da rana tsaka, fuskarta na kallon bangon maƙwabta.

Muka kai ta. Da muka dawo daga maƙabarta bayan la'asar, tun daga kan kwana na hango abin da ke jiranmu. Bukka ce a ƙofar gininmu, a buɗe, rufinta a sama, gadajenta a waje. Gidanmu ba zai ɗauki masu gaisuwa ba, sai Ustaz ya ba da umarni. Ya riga mu dawowa, ya sa ƙugiyar da na dasa masa, ya ja ta daga lungu zuwa bakin ƙofa. Tafiyar da Fijo ta taɓa yi da ita ke nan. An shimfiɗa katifuna a kan gadajen, dattawa na zaune a kai sun rufe ƙafafu da barguna. Tabarmina a ƙasa. Fitiluna rataye a jikin ƙarfe suna jiran magariba. Shayi na tafasa a kan tukunyar gas ɗina, ta biyun na gefe. Ga kula cike da ruwan sha, ga buta, ga bokiti. An kafa turakuna, an ja igiya, an rataya labulen uwarku, mata na zaune a bayansa suna kuka. Babu abin da ya ɓace. Abin da na yi shekaru ina roƙo, ya tattaro shi tsakanin azahar da la'asar. Bukkar ta cika tsaf, yadda na tsara ta a kaina, yadda ita ta so ta gan ta. Kowa na cikinta sai mai ita.

"Kai, Ustaz ya yi ƙoƙari," na ji wani yana cewa. "Dubi kayan da ya kawo. Uba ke nan."

"Wallahi ko a gida sai haka," in ji wani.

Suka kama hannuna suka zaunar da ni a kan katifar da na sa aka yanka don bayanta. Kwana uku ina zaune a wurin, ana zuwa ana ce min in yi haƙuri, ana juyawa ana yi wa Ustaz godiya. Ku ma a nan kuka gan shi yana raba shayi, kuka riƙe shi a ranku har yau. Gawarta ba ta huce ba, kuma ba zan yi rigima a kan tabarmar makokinta ba.

Ranar uku da hantsi aka yi addu'a aka shafa, mutane suka fara watsewa. Na hau sama na ɗauko muciyar, ban san dalili ba, hannuna ne kawai ya nemi abin riƙewa. Da na sauko na tarar an buɗe bayan Fijo. Ustaz na tsaye yana nuni da carbi, ana naɗe barguna, ana kwance fitilu, an riga an sa tukunyar gas ɗaya a ciki. Shi da kansa ya kama gefen labulen yana ninkewa. Ya gan ni ya faɗaɗa fuska.

"Haruna, sannu da haƙuri. Bari a mayar wa yaran nan da kayan, ka san sanyi ake yi. Kai yanzu ai ba tafiyar da za ka yi."

Akwai sauran dattawa a wurin, da mai gadi, da wasu ɗalibai. Na matsa har ina jin ƙamshin turarensa. Ban ce Ustaz ba, ban ce Allah gafarta Malam ba.

"Nuhu," na ce. Carbin ya tsaya a hannunsa. "Ajiye zanen matata. Sauran ka kwashe, har da bukkar, ga ƙugiya nan a motarka, ni na ɗaura maka. Shekara da shekaru ina durƙusa maka ka ja ta zuwa inda baiwar Allah za ta ga sama kwana ɗaya, ka ce babu kaya, ka ce babu hanya, ka ce babu sutura. Ashe akwai kaya, akwai hanya, akwai sutura. Jira kake ta mutu a ce ka yi ƙoƙari. Ubanta amana ya ba ka, ka ɗaure ta da ita kamar akuya har ta mutu tana leƙen sama ta tsagin bango. Ita ta yafe maka, da kunnena na ji. Ni ban yafe ba, ba kuma zan yafe ba, sai mun tsaya inda ba a cewa bayan Sallah. Daga yau kada ka sake taka benen nan. In kuma ka ji na mutu, kada ka kawo ko buta."